Kare Ba Ya Rantsuwa

A tsaunukan Wales, inda hazo ke kwana da tumaki,
na fito da asuba, bokitin dusa a hannu,
na tarar da rumfa wayam.
Sarƙa a yanke, kwaɗo a ƙasa,
sawun taya cikin taɓo ya nufi bakin titi.

Babur mai ƙafa huɗu.
Shi ne ƙafafuna tun da gwiwa ta gaza,
shi ke kai ni inda tunkiya ta haihu cikin ƙanƙara.

Wata uku shiru, sai waya:
an gan shi a gonar wani Meirion Probert,
an shafa masa kore a kan ja.
Jikana Idwal ya ce, "Kaka, mu je da dare mu ɗauko abinmu."
Na ce zauna.
Wanda aka kama a kan shingen wani tsakar dare,
ba a tambayarsa kayan na wa ne.

'Yar sanda ta ce, "Nesta, ina rasit?"
Rasit? Emrys ne ya san inda ya ajiye,
shi kuwa shekara shida yana ƙarƙashin ciyawar coci.
"To lambar jikin ƙarfe?"
Magagari ya cinye ta, sumul kamar bayan cokali.

Karyata Fflos ta yi tsalle ta haye bayansa,
ta kwanta daidai inda ta saba.
'Yar sanda ta yi murmushi:
"Na gani. Amma kare ba ya rantsuwa a kotu."

Na koma gida na zazzage gwangwanin biskit.
Takardar inshora, ɓera ya ci kusurwa.
Hoton ranar askin tumaki:
ga Emrys, ga matakin hagu da ya yi wa walda
a karkace, kamar duk aikinsa.
Dillalin gari ya busa ƙurar tsohon kundi,
ya bi layi da yatsa har ya tsaya kan sunanmu.
Ashe ɓarawo gaggawa ta ci shi:
ya goge lamba ɗaya, ya bar ta inji
ƙarƙashin laka da baƙin mai.

Meirion ya ce, "Fam dubu biyu na ƙirga,
hannu da hannu, a bayan kasuwar dabbobi."
Na yarda da shi.
Tafinsa irin nawa ne, duk faso.

Lauya ta ce ɓarawo ba ya sayar da abin da bai mallaka ba;
Meirion ya bi kuɗinsa inda ya kai su,
in ya ƙi saki, alƙali na nan.

Bai ƙi ba.
Shi ya kawo shi da kansa, ranar Laraba, cikin yayyafi,
bai sha shayin da na zuba masa ba.

Koren fentin na bar shi.
Amma a baya, inda Fflos ke kafa farce,
ja ya fara leƙowa.