Minti Hamsin da Biyu

Sun zo ranar Laraba da farar mota,
fitilu uku, da wata 'yar kujera mai naɗewa.
Suka zaunar da Lavelle a baranda,
inda hasken la'asar zai faɗo masa a kunci.
Wai haka ya fi ban tausayi.

Ni ce Odessa, yayarsa.
Na tsaya bakin ƙofa da ƙarnin tarwaɗa a hannuna,
don daga kamfani na taso,
ba wanda ya ce in wanke, ba ni ake ɗauka ba.

Fim ɗin ya fito a hunturu.
Ga shi nan, ɗan shekara goma sha tara,
lamba ashirin da shida a gadon baya,
hular kwano tana ƙyalli,
ƙwallon nan mai tsini biyu a hammata,
yana ratsa ƙartai kamar iska cikin gonar auduga.
Mutum dubu sittin sun miƙe tsaye.
Duk Mississippi ta san sunansa a daren nan,
har masu ƙin gaishe mu a kanti.

Sai suka rage gudun hoton.
Gwiwar hagu ta juya inda gwiwa ba ta juyawa.
Sau huɗu suka nuna. Na ƙirga.
Sun sa goge yana kuka a ƙarƙashi
kamar ba za mu gane da kanmu ba.

Tsohon kocinsa ya yi magana, da zoben nasara a yatsa:
"Ban taɓa ganin ƙafa irin tasa ba."
Shekara goma sha bakwai bai buga waya ba.
Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare,
amma yanzu ga shi da hanki, yana share ido.

Suka kira shi tauraron da ya faɗi.
To ya faɗa ina?
Ya faɗo nan Belzoni, gidan uwarsa,
inda yake tashi ƙarfe huɗu ya ɗumama motar makaranta,
ya san yaron da bai karya ba,
ya san wanda ubansa ke kurkuku.
Ranar Lahadi muryarsa ce ke riƙe ƙasan waƙa a coci.
Wannan duk sun ɗauka, na gani da idona.
Almakashi ya cinye.
Minti hamsin da biyu, babu gurbin mutum mai rai.

Muka kalla tare, ni da shi da 'yarsa Zenobia.
Da rubutu ya fara hawa sama
ta ce, "Baba, ashe kana gudu?"
Ya yi dariya har da tari.
Ya dafa kujera ya miƙe,
gwiwar ta yi ƙaras, yadda take yi in za a yi ruwa.
Ya ce, "Kawo famfo.
Tayar kekenki ta baya ta sace."