Kwaɗo a Ƙofar Marusa

Ni na riƙe maka tsani, Sada,
ranar da ka kafa allon nan,
sunanka da jan fenti
ya ninka kalmar "ruwa" sau uku.

Inji ɗaya, rijiya ɗaya,
mu huɗu da kurar haya.
Kullum safe kai ke huda ledar farko,
ka kurɓa, sannan a yi lodi.

Da motoci suka zama biyu ka daina kurɓa.
Na ce mataci ya yi baƙi.
Ka ce, "Tukur, wa ke biyan wani a nan?"
Takardar izini ta mutu tun kafin azumi,
ka ce irinka ba ya bin layi a ofis,
akwai lambar da za ka buga.

Ran Talata Malama Turai ta zo da 'yar kwalba.
Ka tura mata ambulan,
ko kallo bai ishe ta ba.
Ta ɗaga ruwan saitin rana,
ta ce da shi ƙanwarta a Sabuwar Unguwa
ke haɗa wa jariri madara.

Lambar ba ta shiga ba.

Yau kwana tara da kwaɗo a ƙofa,
ba na ruwa ba, na ƙarfe.
Direbobi sun koma acaɓa.
Ni ina zuwa da hantsi in share bakin ƙofar,
sabo ne kawai.

Jiya na hango ka a shagon Bishir.
Ka sayi ledar wani kamfani,
ka ɗaga ta sama,
ka daɗe kana dubawa
kafin ka sa haƙori.