Ranar da Aka Kashe Fankoki

Shekara goma sha tara ina aiki cikin iska,
iskar da ba ta Allah ba,
ta fankoki dubu shida
a tsohuwar masana'antar takarda, bakin kogi,
inda mahaifina ya bar yatsu biyu,
ni kuma na bar rabin jin kunnen hagu.

Da hannu muke magana, ni da Reijo.
In ya dafa goshi, layi na tara ya yi zazzaɓi.
In ya nuna baki, kofi ya huce.
A waje dusar ƙanƙara har gwiwa,
a ciki ƙwaƙwalen kwamfuta na ci da wuta,
kowacce ba ta kai tafin jariri ba
amma zafinta ya isa ya soya ƙwai.

Sai Tuovi ta zo daga Oulu
da jakar goyo da takalman da ba su san laka ba.
Ta ce a ruwa za mu tsoma su.
Na ce, yarinya, ruwa da lantarki?
Yaushe wuta da auduga suka kwana ɗaki ɗaya?
Ba ta yi musu ba.
Wayarta ta zaro, ta saki cikin tanki.
Can ƙasa ta ci gaba da haske,
hoton wani kare baƙi yana kallonmu.
Ta ce, wannan ba ruwan kogi ba ne, Kalervo,
ruwa ne da ba ya ba lantarki hanya.

Wata uku muna saukar da su
a hankali, kamar wankan jinjiri.
Kumfa ta fara tashi daga kowace ƙwaƙwalwa,
ƙanana, jere, ba gaggawa.
Tururi ya hau, ya gamu da sanyin bututu a murfi,
ya koma ɗigo, ya dawo.
Damina guda cikin akwati,
ba hadari, ba tsawa.

Wani dare ta kira ni gaban madubin ƙara girma.
Ta ce dubi wanda ke tafe.
A bayan ƙwaƙwalwar an sassaƙa magudanai
da gashin kaina ya fi su kauri,
suna rabuwa, suna haɗuwa.
Na daɗe a sunkuye.
Kogin garinmu na gani,
har da kwanar da muke kamun kifi.

Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya rufa,
aka kashe fankokin, layi bayan layi.
Na ji ƙarar takalmina.
Na ji wani yana tari a ofis.
Sai Reijo ya buɗe baki,
ashe muryarsa siririya ce,
ashe yana da in'ina.
Shekara goma sha tara ban sani ba.

Ba zan ce duka alheri ne ba.
Ruwan na da tsada, kuma ita kanta Tuovi
in an tambaye ta inda zai ƙare idan ya tsiyaye,
sai ta dubi tanki, ta gyara tabarau.
Tankin ba ya tara ƙura,
don haka mai share ƙura ya tafi.
Reijo yanzu motar kwashe ƙanƙara yake ja.

Zafin kuwa ba ya mutuwa, ƙaura yake yi.
Yana bin bututu ta ƙarƙashin titi,
ya wuce coci, ya wuce kantin burodi,
ya shigo ƙarfen ɗumama ɗakinmu
inda Sirkka ke shanya safar ulu.
Wani a wata duniya ya yi wa na'ura tambaya,
safata ta bushe.

Fanka ɗaya na ɗauko daga shara,
tana kan kanta, kusa da gwangwanin sukari.
Ba na haɗa ta da wuta.
Ba ta buƙata.
In gari ya yi tsit, na kwanta ta hagu,
dubu shidan nan duk suna nan,
suna juyawa.