Ɓera Mai Ladabi

Buhu goma na albasa na sayar a Aliero.
Mai saye ya ce ba ya yawo da tsaba,
ya latsa wayarsa, tawa ta yi ƙara,
shi ke nan wai an biya ni.

Kafin in kai tasha ta sake ƙara:
hamsin ta tafi.
Ko ruwan leda ban sha ba.

Babana a tulu yake ajiya.
Shekarar da gara ta shiga ya yi kuka,
amma sau ɗaya.
Ni nawa kukan kashi-kashi ne,
kowane wata da rabonsa.

Na hau mota zuwa Jega, na'ura ta ce babu.
Na koma gun Nafi'u mai laima a bakin kasuwa,
ya ce, "Baba, dubu goma, ɗari uku."
Na ce kuɗina ne fa.
Ya ce shi ma sayowa ya yi a gidan mai.
Na dubi takalminsa, ya fi nawa tsufa,
na miƙa kati.

Kuɗin kula da kati, in ji su.
Katin da ke kwana a aljihuna,
ni ke goge masa gumi da bakin riga.
Wa ke kula da wa?

Ɓeran rumbu in ya ci, ɓuya yake.
Wannan kuwa sai ya aiko min saƙo
da sunana cikakke, Bawa Ɗantani,
ya faɗi nawa ya ɗauka, da ƙarfe nawa.

Ƙarshen wata ya cire kuɗin saƙon.