Na Biyar a Jirgin Mutum Huɗu

Ƙarfe goma, rana ba ta gama shawara ba
ko za ta leƙo kan duwatsun Norway yau.
Mun riga ta zuwa gaɓa,
mu sittin da 'yan kai, hanci na hayaƙi,
kowa na buga ƙafa a kan ƙanƙara.

Jiragen katako aka fara saki,
masu ciki kamar akushi, mutum huɗu-huɗu,
sun juya wa inda za su baya.
Sai 'yan kayak, kowa a cushe har ƙugu.
Mu masu safski aka bari ƙarshe
don an san za mu cim musu.
Nawa ya yi tsawon mutum uku,
faɗinsa bai wuce ƙuguna ba.
Ba a shigarsa, hawa ake yi,
kamar ka zauna kan allura ka ce za ka ƙetare teku.

Kafin fitilar tasha na wuce jirgin Gunvor.
Shekarunta saba'in da ɗaya,
safar hannunta ɗaya ja ce,
ɗayar ta marigayi mijinta.
Ta ce, "Eilif, ruwan ba gudu zai yi ba!"
Ban tanka ba, ina tattalin numfashi.

Bayan tsibiri iska ta sake hali.
Igiyar ruwa ta ɗago ni ta baya,
na hau ta, ta sheƙa da ni,
wani daɗi har cikin haƙora.
Ta biyu ma haka.
Ta uku ta zo ta gefe.

Ruwan Janairu ba jiƙa mutum yake ba, damƙa yake.
Ƙirjina ya rufe kamar an banko ƙofa.
Na san dabarar komawa sama,
na yi ta sau ɗari a watan Yuli,
amma yatsuna sun zama na wani,
na ce su kama, suka yi kunnen ƙashi.
Sau biyu na hau, sau biyu na zame.
Wani yaro a kayak, Jostein, ya bar tserensa,
ya riƙe min hancin jirgi,
yana busa usur har kumatunsa na rawa.

Can na ji itace na bugun itace,
ƙwas, ƙwas, ba gaggawa, ba tsayawa.
Ba sa ganin gabansu, kunne suka biyo.
Hannu huɗu a wuyan rigata,
aka jawo ni kamar kifin da ba shi aka fito nema ba,
aka yar tsakanin ƙafafu.
Bargo mai warin kwalta.
Kofi daga fulas ya ƙona min harshe, na gode masa.

Na jira Gunvor ta tuna min maganarta.
Gwangwani ta miƙo.
"Ka ƙara mana nauyi. Kwashe ruwa."

Na shiga kwasa.
Safskina ɗaure a baya yana bin mu
kamar karen da ya san ya yi ɓarna.
Shekara shida ina wannan tsere,
yau na fara ganin wani farin ɗaki a kan tsibirin,
da tagarsa ɗaya, da hayaƙi na tashi.
Wa ke zaune a ciki? Ban taɓa ɗaga kai ba.

Mun iso ana naɗe tutoci.
Mai agogo ya ƙirga kawunanmu,
ya duba takarda, ya sake ƙirgawa.
"Jirgin mutum huɗu ne wannan."
Gunvor ta zare jar safar da haƙori
ta ce, "Rubuta biyar. Ya yi aiki."

Takardar na nan a bangon kicin ɗina.
Na hamsin da takwas.
Sunana a ƙasan nata, da fensir,
kuma an kuskure harafi ɗaya.