Takardun Kyalla

Da hantsi muka bar Sakkwato, ni da Kyalla,
karen da yayana Tunau ya rasu ya bari.
Kafin Kware sitiyari ya soma gasa mini tafi,
kwalta na ƙyalli can gaba kamar tafki,
in ka iso, ko ɗigo babu.

Na jiƙa tsohon buhu na shimfiɗa masa a baya.
A Gwadabawa ya bushe ƙamas.
Harshe waje,
haƙarƙari na aiki kamar zugazugin maƙeri.

Illela. Layin motocin albasa, ƙuda, warin gas.
Jami'i ya juya takarduna, ya leƙa ta taga:
"Shi wannan ɗan wace ƙasa ne?"
Na ce a Ƙonni aka haife shi, a Mabera ya girma,
ga shaidar allurarsa.
Tsohuwarmu ce ta ce tunda ba za ta sake ganin ɗanta ba,
a kai mata wanda ya san sawunsa.

Bai ce uffan ba.
Ya janye bakin rigarsa, don yana da alwala,
ya yanko gindin wata jarka,
ya juye ruwan butarsa duka,
ya turo da kan takalmi.
Mu biyu muka tsaya a rana muna sauraron lasa.

Sanda ta ɗaga.
Tsallake ma sabara ce, rana ɗaya, Hausa ɗaya.
Kyalla ya miƙe, ya zura hanci a iska,
ya kama wani ƙamshi da ni ban ji ba,
wutsiya na dukan kujera.