Farashin Teku

Ruwa na sauka bisa rufin gidajen Muxía,
na kai mahaifina Breixo gidan abincin Sabela
ranar da ya cika saba'in da biyar.

Ya rataye hula, ya zauna gefen taga
inda zai iya hararar teku.

Sabela ta tsoma mai ƙafa takwas sau uku
a tukunyar jan ƙarfe,
almakashinta na ƙyas-ƙyas bisa akushi,
ta barbaɗa gishiri da jan barkono, ta tsiyaya man zaitun.
Baba ya ci, ya gutsuri burodi ya share akushin,
har ya yi dariya da koren tattasai guda ya yaudare shi
cikin goma masu sanyin hali.

Sai na yi kuskure:
na ce a kawo percebes,
baƙaƙen 'yan yatsun nan da ake ɓamɓarowa daga dutse
inda igiyar ruwa ke mari.

Ya dubi farantin, ya dubi farashi a allo.
Ya ce, “Sun yi araha.”

Shekara talatin yana sauka da igiya a ƙugu,
ƙanensa Xurxo na riƙe da ɗaya bakin,
har ranar da suka yi musanya.
Igiyar ta dawo, ba nauyi.

Tururi ya daina tashi.
Ya ɗauki guda, ya murɗe, ya kai baki,
ya rufe ido.
“Gishirin nan,” in ji shi, “na san mai shi.”

Sabela ba ta rubuta su a takarda ba.